Hannun Manaja

Serah na cikin zuba wa baƙi gwate ta ji mahaifinta ya ambaci sunanta. Lahadi ce bayan sujada, dattawan coci sun cika falon gidansu na unguwar Pleasant Garden, can ƙasar waje.

"Ga ta nan," in ji Baba Choji, yana nuna ta da cinyar kaza. "Digiri biyu, amma kwali take ɗauka a sito a titin Wendover. Yaran yanzu ba sa neman aiki, waya suke shafawa. Ni da na zo garin nan, ƙofar masaƙa na ƙwanƙwasa, na kama hannun manaja, na dube shi ido cikin ido. Washegari na fara aiki."

"Haka ake yi," dattawa suka amsa baki cike.

"Na gaya mata, ko ta bar dakon nan da ke zubar mini da mutunci, ko ta bar mini gidana."

Serah ba ta taɓa ɗaga murya a gaban manya ba. Ta san masaƙar da yake magana. An rufe ta tun tana firamare, an mai da ita gidajen haya waɗanda albashinta ba zai kama ko ɗaki ɗaya a ciki ba. Ta ajiye ludayi a hankali.

"Baba, gobe ka kai ni. Ka nuna mini hannun da zan kama."

Wani dattijo ya ƙware, aka miƙa masa ruwa.

* * *

Da safe ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, takalmi na sheƙi. A mota yana koya mata: "Ki riƙe hannun da ƙarfi. Ban da noƙe-noƙe."

Suka tsaya gaban wani dogon gini a titin Elm, inda wani kamfanin inshora ke neman ma'aikata. Ƙofar gilashi ce, a kulle. Baba ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa da makullin mota, har wani matashi mai gadi ya leƙo. Da ya ji suna Hausa sai ya washe baki.

"Sannu, Baba. Saeed nake, daga Kumasi. Wa ake nema?"

"Manaja."

"Wanne?"

"Mai ɗaukar aiki mana, yaro."

"Ai ba ya nan, Baba. Ni ban ma taɓa ganinsa ba, an ce daga gida yake aiki, a wata jiha." Ya nuna wani ɗan zane mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari da aka manna a gilashin. "Nan za a haska da waya, a cike komai onlain. Kwamfuta ke tacewa."

"Na cike nasu tuntuni," in ji Serah.

"Ni ma, 'yar'uwa," Saeed ya yi dariya. "Injiniya na karanta. Ga ni ina gadin ƙofarsu."

Suka gwada gini na biyu, da na uku. A na ukun ko mai gadi babu, sai akwatin magana a bango da ya gode musu da Turanci ya yi shiru. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Baba.

Serah ta jira kalma ɗaya. Ba ta son ban haƙuri ma, so take ya ce ya gani.

"Ku kuka lalata duniya da wayoyinku," ya ce, yana kallon titi. "Da kin yi karatun nas kamar 'yar Jerry..."

"Mu muka rufe masaƙa, Baba? Mu muka tsuga kuɗin makaranta? Kun shiga, an rufe ƙofa bayanku, yanzu kuna leƙowa ta taga kuna ce mana ragwaye."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa, Baba." Ba ta sauke ido ba. Ta zaro rigar aikinta mai ruwan lemo daga jaka, ta saka a kan farar rigarta, a nan tsakiyar titi. "Dakon nan ba zan bar shi ba. Ƙawata Confidence na da katifa a falonta. Ran Asabar zan zo in kwashe kayana."

Ta taka zuwa tashar bas ba ta waiwaya ba.

Da bas ɗin ya biyo ta gaban ginin farko, ta hango Baba. Yana tsaye shi kaɗai, ya ɗaga tabarau kan goshi, ya kai wayarsa daf da zanen nan na gilashi. Ya ja ta baya, ya sake matsar da ita. Fuskar wayar a kashe take.