Yanka Biyu na Kuturin Sa

Da na san abin da hannuna zai aikata a ranar Asabar ɗin nan, da na ɗaure shi a baya tun kafin in kunna wuta.

A nan garinmu Serowe, in ana aure ko jana'iza, ni ake kira in tsaya kan tukunyar seswaa, dakakken naman da muke ci a taro. Karatuna bai wuce aji biyar ba, amma wannan aikin na san shi. Nama da ƙashi a tukunya mai ƙafa uku, ruwa, gishiri, wuta tun asuba. In ruwa ya ja ka ƙara. Sai nama ya saki ƙashi don kansa, sannan mu maza mu daka shi da katako. Shekara ashirin ina yi. Na dafa na auren mutane, na dafa na binne su.

A watan Maris aka binne matata, Kedibonye. 'Yan'uwa suka ce in zauna a ɗaki kamar kowane mai makoki. Ban iya zaman ba. Na sulale bayan gida, na karɓi katakon daga hannun ƙanena. A nan 'yata Wame ta gan ni, ina dakan naman jana'izar uwarta.

Daga ranar ta daina cin nama. Bayan wata biyu ta daina tuwo. Yanzu shayi ne da ɓarin burodi, shi ma sai na tsaya a kanta. Shekararta sha shida, siket ɗin makaranta da fil take riƙe shi.

Ranar Alhamis a asibiti nas ta ɗora ta a sikeli, ta kira ni gefe da sunan da ake kirana, Rra Wame, wato baban Wame.

"Rra Wame, ku dawo Litinin. In nauyinta ya sake sauka, takarda zan rubuta a kwantar da ita a babban asibitin Gaborone. Ta hanci za a riƙa ba ta abinci."

A hanyar gida Wame ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Can aka kai Mama. In kun kai ni, ni ma a akwati za ku dawo da ni."

Haka muka ƙarasa gida.

Washegari da yamma tana zaune a bakin ƙofa, sai na ji ta ce, "Baba, ka tuna naman kasko da Mama take yi ƙarshen wata?"

Na tuna. Kedibonye ta yi aiki a kicin ɗin wani masaukin masu yawon buɗe ido kafin mu yi aure. Can ta koyo shi. Yanka ɗaya ga kowa, baya ya yi duhu, ciki ja. Ni kuwa kullum sai na tsokane ta, in ce wannan sa in aka kai shi wurin likitan dabbobi zai iya tashi.

"Shi kike so?"

"Ban ce ina so ba. Na tuna ne kawai."

Wata biyar ban ji sunan abinci a bakinta ba sai ranar.

Da gari ya waye na tafi mahautar Mma Tiro, ƙawar matata ce tun suna 'yan mata. Na nuna mata ƙwauri da ƙirji, irin wanda na saba ɗauka.

"Wa kuma ya mutu?" ta ce.

"Babu. A kasko zan soya. Wame ce ta ambace shi."

Ta ajiye wuƙar. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ƙwauri a kasko? Rra Wame, takalmi za ka ba yarinya? Wannan duk jijiya ce, sai ya kwana a ruwa yake jin magana."

"To wanne ne?"

Ta jawo wani dogon siririn nama daga firji, ta mayar. "Wannan na cikin gadon baya ne, ba naka ba ne. Ba shi da kitse, ƙiftawar ido ɗaya ya bushe. Mai koyo kuturi yake ɗauka, wannan na wajen ƙugu. Ga kitsensa a gefe, yana yafe wauta kaɗan." Ta auna kauri da yatsunta biyu, ta yanka, ta sake yankawa. "Biyu ke nan. Ɗaya na Wame, ɗaya na wautarka."

"Mma Tiro, shekara ashirin ina dafa nama."

"Shi ne abin da ke ba ni tsoro. Saurara. Bar shi a waje ya huce sanyin firji. Goge shi da tsumma ya bushe, sa gishiri. Kaskon ƙarfen matarka, mai nauyin nan, bar shi a wuta sai ya fara hayaƙi. Mai kaɗan. Ka sa naman, ka cire hannunka. Ka iya waƙar cocin nan da take yi a kicin?"

"Na iya."

"Baiti biyu, ka juya. Baiti biyu, ka sauke, ka bar shi ya huta a faranti kafin ka yanka. Ita ta koya mini. Ko ka ɗauka don daɗi take rera ta?"

Shekara sha tara ina jin waƙar nan daga kicin. Ashe lokaci take aunawa.

Har na kai ƙofa ta kira ni. "Rra Wame. Dube ni. Ruwa. Kada ka kuskura."

Na ce to, kamar yaron da aka aika.

Da rana ta yi tsaka na yi duk abin da ta ce. Na goge, na sa gishiri, na jira hayaƙi. Wame na ɗakinta, ƙofa a buɗe kaɗan. Na ɗora yankan farko.

Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta a tukunya ba. Hayaƙi ya tashi, mai na tsalle, gefen naman ya fara duhu. Ko layi ɗaya na waƙar ban gama ba, kaina ya ce ƙonewa yake. Shekara ashirin, duk lokacin da nama ya yi wannan kukan, abu ɗaya nake yi. Ban yi shawara ba. Sai ganin kofi na yi a hannuna, babu komai a ciki, murfi kuma a kan kasko.

Da na ɗaga murfin naman ya zama ruwan toka, ya takure, yana iyo. Tururi ya cika kicin ya wuce tsakar gida. Ni da kaina na gane ƙamshin. Dafaffen naman sa da gishiri.

Na ji ƙarar bokiti a ɗakinta, tana yunƙurin amai, babu abin da zai fito. Na je ƙofar.

"Wame."

"Baba, warin ranar nan ne." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Don Allah ka bari. Na ce maka ba na so."

Ta tura ƙofar ta rufe.

Na ɗauki kaskon na fita da shi can bakin shinge, na juye wa Tau, karenmu. Ya ƙona baki yana haɗiya. Na buɗe kowace taga. Na goge kaskon da yashi har tafin hannuna ya yi ja. Sannan na zauna a kan dutsen wanki, na rasa abin da zan yi da kaina. Saura kwana biyu. Saura yanka ɗaya. Mahauta ta riga ta rufe, gobe Lahadi kuma ba a buɗewa. Na ce Kedibonye, kin bar mini yarinya, ba ki bar mini hannunki ba.

Sai la'asar iska ta gama kwashe warin. Na shiga kicin na fitar da bokitin ruwa, da buta, da kofuna duka, da murfin kaskon, na kai su bayan gida na ajiye. Duk wanda ya gan ni zai ce na taɓu.

Hayaƙi ya tashi. Na sa mai. Na ɗora yanka na biyu, na kai hannayena biyu baya na riƙe bel ɗina.

Ya yi kukan nan. Na fara waƙar. Muryata ba ta waƙa ba ce, a coci ma motsa baki kawai nake yi. A layi na uku ta karye, na haɗiye na ci gaba. Ƙauri ya shiga hancina, ƙafata ta yi taku ɗaya zuwa inda bokiti yake zama. Babu bokiti. Na gama baiti na biyu, na juya shi. Bayansa ya yi duhu mai sheƙi, irin nata sak. Baiti biyu kuma. Na sauke.

Jiran nan na hutawarsa ya fi komai wuya. Da na yanka, cikinsa ja ne, ruwa-ruwa. Duk jikina na cewa mai da shi wuta, ɗanye ne, za ka kashe ta. Ban mayar ba. Na yanka shi tara, sirara, na ƙirga.

Na ƙwanƙwasa ƙofarta. Ta daɗe kafin ta buɗe. Ta dubi farantin, ba ta dube ni ba.

"Na ji ka," ta ce. "Ka tsallake layi ɗaya a baiti na biyu."

"Zan gyara."

"Kada ka tsaya a kaina."

Ta karɓa, ta rufe ƙofa.

Na koma matakalar gaban gida na zauna. Na kasa kunne ko zan ji cokali ya taɓa faranti, amma rediyon maƙwabta na ta ƙwallo. Sau biyu na tashi, sau biyu na koma na zauna.

Da rana ta kusa faɗuwa na tarar da farantin a ƙasa bakin ƙofarta. Yanka huɗu suka rage. Biyar babu. Na tsuguna a wurin, na sake ƙirgawa da yatsa.

Na zagaya bayan gida in kwaso bokitin. Tagarta a buɗe take tun da rana. Tau na kwance a ƙarƙashinta, yana lashe baki. Ya gan ni ya kaɗa wutsiya.

Kare ne da ya ci nama da rana, yana iya kwanciya a nan don sa rai kawai. Yana kuma iya zama an jefo masa. Na duba ƙasa, ban ga maiƙo ba, amma ƙasar yashi ce. Na tsaya a gindin tagar, bakina ya buɗe zan tambaye ta, na fasa. In ta ce ta ci, ba zan san ko don ta kwantar mini da hankali ba ne. In ta ce ba ta ci ba, ban san abin da zan yi gobe ba.

Huɗun na rufe su na ajiye mata. Na kira Mma Tiro a waya, ta ce za ta buɗe mini ta baya bayan an taso coci, ta yanko wani.

Ban san cikin wa yanka biyar ɗin nan suka shiga ba. Ban kuma san abin da sikeli zai nuna ranar Litinin ba.