Rufin da ya Faɗi a Kalfu

A kasuwar dabbobi maganar ta tashi, kafin mako ta zagaye Tawa: wai gidajen nan masu rufin tulluwa da kamfani ke ginawa, ba azara ba kwano, ƙasa ce zalla, da ruwa ya sauka sai su narke kamar fura a ƙwarya. Wai ɗaya ya riga ya faɗi a Kalfu, ya karya wa maigidan ƙafa.

Malama Zalika shekara talatin da biyu ta yi tana koyarwa a lakkol, ba ta taɓa karɓar amsar ɗalibi ba sai ya nuna mata inda ya samo ta. Ranar da mutanen kamfanin suka zo da hotuna suna alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, su daina sare icce, su bar siminti, taɓe baki ta yi. Maganar kasuwa ma ba ta saba ɗauka ba. Sai dai wannan karon barci ya ƙi ta, domin ɗiyarta Aminatu da jikoki uku a irin wannan gida suke kwana, ga damina ta faɗi.

Da safe ta ɗauki sandarta, ta hau motar Kalfu.

Gida bakwai ta tarar a jere. Shida na tsaye da sabon yaɓen ƙasa, jajur. Na bakwai ya rufta ciki, tabarma da kwanonin abinci suna leƙowa daga ƙarƙashin tubali. Wani dattijo na tsugune yana tona. Ya ce sunansa Attahir, shi ne maginin kamfanin.

"To, kai ne mai narkakken gida," in ji ta.

"Hajiya, ko gaisuwa babu?"

"Mun gaisa in ka gaya mini gaskiya. Mi ya kada shi?"

Ya sunkuya. Ya ɗauko wani ɓawo mai launin toka, faɗinsa kamar faifai, ya miƙa mata. Siminti ne, da siririyar tsaga a tsakiya. Ya kama sandarta ya soka cikin abin da ya rage na rufin, ta nutse kamar cikin tuwo. Ya kai ta gidan da ke maƙwabtaka, ta ƙwanƙwasa da kanta, ƙasar ta amsa garau.

"Mun gaya masu, kowace shekara kafin ruwa a sake yaɓe da ƙasa," ya ce. "Shi maigidan ya gaji da yaɓe, kuma yana son gidansa ya yi kama da na ma'aikata. Ya shafe shi da siminti. Rana ta tsaga shi, ruwa ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Daga waje kuwa sumul, ba ki ganin komi."

Zalika ta sake duban tsagar. Ta juya ɓawon a hannunta.

"Damina nawa ya yi da shi?"

"Biyu. A ruwan farko na ta uku ya sauko."

Ta ɗaga kai. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen gero. Ta lalubo waya, ta kira ɗiyarta.

"Aminatu, fitar da yaran daga ɗaki."

"Inna, ina kika shiga tun safe? Ko kin samu miji a tasha?"

"Ki fitar da su, ku tafi gidana. Kar ki tsaya ɗaukar kaya."

"Hadari fa ya taso, Inna. Mu da ke cikin gidan da ya fi na kowa—"

"Yanzu, na ce."

Ba ta kashe ba sai da ta ji kukan ƙaramin jikanta da ƙarar ƙyauren gida. Ɗigon farko ya faɗo kan ɓawon, ya bi tsagar ya ɓace.

Attahir yana kallonta.

"Namu ne gidan ɗiyar taki?"

"Naku ne," ta ce. "Tubalinku ba shi da laifi. Ni na sa aka shafe rufin da siminti, don kar a ce ɗiyar malama tana kwana a ɗakin ƙasa. Wannan ce damina ta uku."