Yaya Ya Gyara Agogo

Agogon falonsu yana gaba da minti ashirin da biyar, kowa a gidan ya saba cirewa. Ranar da Auta za ta fara aiki a shagon ɗinki da ƙarfe takwas, ta ga takwas saura biyar. Ta cire a ranta, ta ce, "Ashe bakwai da rabi ne," ta zuba shayi.

Yayanta ya leƙo yana washe baki. "Auta, kin lura na gyara agogon jiya?"

"Wayyo Yaya, ka kashe ni!"

Dole ya goya ta a babur, suka isa mai shago yana buɗe ƙofa.

Washegari da safe ta buga masa ƙofa, ta ce, "Direba, fito mu tafi."