Randar Raliya

Raliya ta rasu ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta, tsakanin hantsi da azahar. Ba na gida. Ina cikin wani kwazazzabo a bayan Gazawa, a durƙushe, ina share ƙasa daga haƙoran wani mutum da ban sani ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a kwaleji a nan Agiye kafin in ajiye alli. Har yanzu Mushe Tijjani ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan, har da waɗanda ba su taɓa shiga ajin lakol ba. Abin da gwamnati ta ce in koyar na koyar, amma abin da na karanta don kaina matattu ne. Na san yadda mutanen Masar na dā suke zare ƙwaƙwalwar gawa ta hanci, su shanya ta cikin gishiri, su naɗe, kwana saba'in kafin a rufe. Na san sarkin Sin da aka binne da rundunar sojojin yumɓu. Na san mutanen da suka yi imani cewa lahira wani ɗaki ne mai duhu inda ake cin turɓaya. Littattafan sun cika akwati uku, gara ta ci ɗaya.

Raliya ce kaɗai ɗalibar da ba ta taɓa guduwa ba, don ba ta da wurin zuwa. Tana tsintar shinkafa ina yi mata bayani.

"Kwana saba'in?" in ji ta. "Su ba su da gona ne?"

Abin da ya fi burge ta shi ne shari'ar mutanen Masar. A wurinsu mamaci yana tsayawa gaban alƙalai arba'in da biyu yana cewa ban yi sata ba, ban kashe ba, ban sa kowa kuka ba, sannan a ɗora zuciyarsa a ma'auni da gashin tsuntsu guda. Ta ce, "Shi ke ba kansa shaida? Ai kowa ya tsira kenan. Gara namu, a tambayi wanda ka zauna da shi."

A makon da za ta rasu zazzaɓi ya kama ta. An kai ta likita, an ba ta magani, ƙanwarta Saudatu ta zo daga Tibiri tana taya ta aiki. Ranar Laraba da safe Salisu ya kira ni, wani tsohon ɗalibina da ke aikin gona a wajen Gazawa. Ya ce ruwa ya zaftare gaɓar kwazazzabo, wata ƙatuwar tukunya ta fito da ƙasusuwan mutum a ciki, kuma mai gari ya ce da la'asar za a mayar a rufe. Shekara arba'in ina karanta irin wannan a takarda. Ban taɓa gani da idona ba.

Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofar ɗaki ta kira ni daga kan gado.

"Mushe."

"Na'am."

"In na taɓa yi maka wani laifi, ka yafe mini."

Na ce, "Zazzaɓin kwana uku ne ya kai mu nan? Bari in dawo. Laifin shekara talatin da huɗu ba a yafe shi da takalmi ɗaya a ƙafa."

Ta yi dariya. Ina so a san ta yi dariya, ko da yake wannan bai rage komai ba.

"To ka gaishe da gawar," ta ce.

Tukunyar ta kai mini ƙugu. An zaunar da mutumin a ciki, gwiwoyi a ƙirji, da wata ƴar tukunya kusa da kai, da duwatsun wuya guda tara. Na auna, na zana, na rubuta. Na ƙirga haƙoransa, na ga inda ɗaya ya ruɓe, na ce wa Salisu wannan ya sha ciwo kafin ya mutu. Ban taɓa jin daɗin yini kamar wannan ba. Babu rezo a cikin ramin, waya ba ta shiga. Sai da na hau kabu-kabu muka fito kan kwalta wayar ta fara kuka a aljihuna, ni kuma ban duba ba, don hannuna duk laka ne.

Na iso bayan la'asar. Tabarmi a ƙofar gidana, maza a zaune. Na tsaya ina duba tabarmin, ina tunanin daga gidan wa aka aro su.

Yayanta Tahiru ne ya taso. Yana da shagon hatsi a Cadawa, kuma bai taɓa ganin amfanina ba.

"Sau goma sha ɗaya muka kira ka," ya ce. "Hadari ya haɗo, ba a ajiye gawa. Liman ya ce ina mijinta, ya shigo ya yi mata addu'a ya yafe mata kafin a fita da ita. Aka ce yana Gazawa wajen tonon kabari."

Na ce, "Haka ne, can nake."

Aka matsa mini na zauna. Ruwan ya sauko kafin magariba, ya yi kwana biyu yana zuba. Na karɓi gaisuwa. Duk wanda ya ce ya haƙuri na ce da godiya. Aka kawo tuwo na ci, har na ji gishiri ya yi kaɗan. Na jira wani abu ya motsa a ƙirjina, kamar yadda ake jiran mota a tasha. Abin da kawai na lura da shi shi ne a kusurwar tsakar gida, inda randar ruwanta take zama, babu komai sai zagayen gurbinta a cikin yashi.

Bayan sadakar uku Saudatu ta same ni a zaure.

"Yaya, ina bayan ƙofa ranar. Na ji abin da ta ce, na ji abin da ka ce."

"Kunnenki lafiya lau, ashe."

"Ka faɗa cewa ka yafe mata?"

"In faɗa wa wa?"

"Kai ne mai karatu. Liman ya ce ko a ina ka faɗa ya isa. Ko a zuci."

Na san haka, ba sai liman ya gaya mini ba. Amma shekara talatin da huɗu ina amsa wa Raliya idona yana kan takarda. Wannan amsar ina so in ba ta ina tsaye a daidai kanta, na san inda take.

Washegari Tahiru ya raka ni maƙabarta. Ya yi gaba da sauri kamar mai zuwa buɗe shago, sai ya rage tafiya, sai ya tsaya. Sabbin kaburbura biyu ne a jere, taku biyu tsakaninsu. Ruwa ya baje tudunsu, ya kwashe ƙayar da aka ɗora, ya tara ta a gindin wata aduwa.

"Wannan ne," ya ce. "Na kusa da aduwa."

"Ka tabbata?"

"Ni na shiga na kwantar da ita."

"Ba abin da na tambaye ka ba kenan."

Ya kira Na'Allah, tsohon da ke haƙa kabari a nan tun ina sabon malami. Na'Allah ya zo da gatari a kafaɗa, ya duba, ya nuna ɗayan.

"Wancan ne na matar. Na gindin aduwa na Bappa ne, wani makiyayi. Tare aka kawo su, ana gudu saboda hadari."

"Kai tsoho, ka rikice," in ji Tahiru.

"To Alhaji, kai da kake kuka ka fi ni gani?"

Na ce ina dangin Bappan. Ya ce sun bi shanu sun yi arewa. Na ce babu wanda ya sa wata alama? Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗin shiga.

"Mushe, ni haƙa nake, ba rubutu ba. Wanda zai tashe su ya san inda kowa yake."

Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Abu ɗaya dai. Itacen da muka sara na mutum ɗaya ne, da shi aka rufe Bappa. Da aka zo kan matar babu, aka ruga gidanka aka fasa randa, da ita muka rufe ta. Amma wannan yana ƙasa." Ya nuna tsawon kamu ɗaya da hannunsa. "Ba zurfi."

Tahiru ya dube ni. "Kada ma ka fara," ya ce.

Randar nan da ita aka kawo Raliya daga Tibiri. Ja ce, bakinta ya ɗan karkace, a wuyanta akwai layin tambarin babban yatsan matar da ta gina ta. Na taɓa zaunar da Raliya na yi mata darasi a kan wannan layin, yadda bayan shekara dubu wani zai tono guntunsa ya san daga ina ta fito. Ta ce, "To kafin ya zo, miƙo moɗa." Ko guntu kamar farce na gani zan gane ta.

Washegari na koma maƙabartar da hantsi, ni kaɗai, da jakar da na je Gazawa da ita. Cokalin magina yana ciki, lakar kwazazzabon ta bushe a jikinsa. Babu kowa sai awaki. Na zaɓi na gindin aduwa, ta wajen ƙafa. Aikin minti goma ne. In na taɓa itace, na san ɗayan ne. In na taɓa yumɓu, shi kenan. Ba zan ga komai nata ba, ba zan taɓa ta ba, in mayar da ƙasa in shafe. Duk na tsara wannan tun a gida, dalla-dalla.

Na durƙusa. Na soka cokalin, ya shiga kamar tsawon yatsa. Ƙasar tana da laushi. Na kwashe cokali ɗaya na zuba a gefe, a tsanake, yadda ake yi don kada a ɓata abin da ke ƙasa. Na kwashe na biyu. Sai na ga hannuna na hagu ya shiga jaka da kansa yana laluben littafin rubutu da abin awo.

Na daɗe ina kallon hannun.

Ba tsoron Allah ne ya tsayar da ni ba, ko da yake ya kamata a ce shi ne. Ba kuma tsoron jandarma ba. Durƙuson nan shi ne na ranar Laraba, gwiwa ɗaya, jaka ɗaya, kuma na ji irin daɗin nan ya fara tasowa, na mai shirin gano wani abu. Wannan ne abu na farko da na ji tun da ta rasu. Na mayar da cokali biyun ƙasar, na daddanna da tafin hannu, na tashi.

Littattafan suna nan. Salisu ya aiko yana tambaya ko na gama rubuta bayanin tukunyar, na ce masa gara ta ci. Saudatu ta sayo sabuwar randa a kasuwa ta ajiye a gurbin. Ruwanta yana da sanyi, ba laifi.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je. Damina biyu sun wuce, yanzu kaburburan ma da ƙyar ake gane su. Ina tsayawa a tsakiya, a kan taku biyun nan inda babu kowa a ƙasa. In yi musu sallama su biyun, in yi addu'a, a raba. Daga nan sai in buɗe baki, in duba dama, in duba hagu. Bappa ma bai yi mini komai ba, gaskiya ne, amma ba shi ya tambaya ba.

Sai in dawo gida da amsar a bakina. Amsa ce da kowane jahili a garin nan ya iya, ana ba da ita a tsaye, da takalmi ɗaya ko babu:

Ba ki yi mini komai ba, Raliya. Ni ne zan ce ki yafe mini.