Hankakan Tokuji

Tun da Tokuji ya ajiye tuƙin bas a Nagaoka, ba shi da aikin da ya wuce cike gidajen wasan kalmomi na jaridar Lahadi. Da biro yake cikewa, domin a cewarsa fensir na matsorata ne.

Ranar nan kyautar wanda ya ci gasar tukunyar dafa shinkafa ce, kuma saura kalma biyu ya gama. Ya karanta da ƙarfi don matarsa Fumie ta ji daga kicin: "Tsuntsu ɗan dangin hankaka, mai kwaikwayon muryar wasu. Gaɓa uku, farko ka, ƙarshe su."

Bai jira kowa ba ya rubuta karasu, wato hankaka.

Fumie ta leƙo tana goge hannu. "Haba maigida, an ce maka dangin hankaka, ka rubuta hankaka? Kakesu ne, wannan mai shuɗi a fiffike."

"To hankaka ba dangin hankaka ba ne? Ni ba dangina ba ne?"

Matsalar ita ce kowace gaɓa da gidanta, kuma gidan tsakiya ya haɗu da farkon kalma ta ƙarshe, wadda aka ce ita ce ke tashi daga wuta. Ko yaron goye ya san kemuri ne, hayaƙi. Amma gaɓar "ra" ta riga ta zauna inda gaɓar "ke" za ta shiga, sai kalmar ta fito ramuri.

"Mene ne kuma ramuri?" in ji Fumie.

Tokuji ya gyara tabarau. "Haka muke kiran hayaƙi a ƙauyenmu. Ke 'yar birni ina za ki sani?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina hura maka wuta, ban taɓa jin ta tashi da ramuri ba."

Ya ɗauki waya ya kira wansa Genzo, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya buɗe murya don Fumie ta ji shaida.

"Yaya, ka tuna ramuri?"

"Wa? Ya rasu ne?"

"Ramuri! Wanda ke fita ta rufin gidanmu!"

Genzo ya ce, "Oho, ɗan gidan mai kifi da ke satar lemo? Ai ya yi aure a Osaka."

Fumie ta yi dariya har ta dafa bango. Tokuji ya kashe wayar ya ce Yaya ya tsufa.

Har la'asar yana waje. Ya share tsakar gida sau biyu, ya ba tsirran da ya riga ya shayar ruwa. Da Fumie ta fita sayen tofu, wato awara, ya lallaɓa ya yanko 'yar takarda kamar farce, ya ɗebo ƙwayar dafaffiyar shinkafa ya murje, ya liƙe takardar a kan gidan "ra", ya rubuta "ke" a kai, wannan karon da fensir. Ya yanke shafin gasar ya sa a ambulan, ya ruga akwatin wasiƙa da silifas ɗin banɗaki a ƙafarsa.

A hanyar dawowa suka yi kiciɓis. Ta dubi silifas ɗin, ta dubi yatsansa mai danƙo.

"Me ka rubuta?"

"Abin da ya dace."

Bayan mako biyu jarida ta buga sunan wata mata daga Sado a matsayin wadda ta ci. Tokuji ya ce tabbas tana da ɗan'uwa a gidan jaridar, ya juya shafi, ya ce Fumie ta ƙaro masa shayi.