Rubutun da Ya Koma Jikin Leda

Sada ba ya sayar wa ofisoshi injin fotokwafi, ajiye musu yake yi. Ofisoshi goma sha ɗaya daga Daura har Baure, kowanne da inji a lungu: inji nasa, hodar tawada tasa, gyara nasa. Su nasu danna maɓalli, da kiran waya in takarda ta maƙale. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa ke son hukuncinsa a rubuce, kotuna suka cika, kwangilar Sada ta yi ƙiba, shi ma haka.

Wata Talata alƙalin ɗaya daga cikin kotunan ya aika a kira shi. Ya ɗauki jakar kayan gyara, a zatonsa inji ne ya ƙi. Da ya isa, maga takarda ya ce ya ajiye jakar, ciki ake nemansa.

Wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, Haulatu daga garin Babban Mutum. Gefe guda Badaru, ɗan ƙanen mijinta marigayi, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gona suke ja. Shekara uku da suka wuce kotun nan ta raba gado ta ba Haulatu da 'yarta gonar bakin rafi. Shaidu biyu sun rasu, alƙalin da ya yanke ma ya bi su, kundin asali kuma gara ta yi kalaci da shi a ɗakin ajiya. Abin da ya rage shi ne kwafin da aka ba ta.

Alƙali ya miƙo masa. Farar takarda ce, sai dishi-dishi kamar sawun toka, da hatimin kotu shuɗi a ƙasa, raɗau.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Badaru, "hatimi a kan farar takarda, ai ko ni zan samo guda goma kafin la'asar."

"Ka dai san inda ake samu ke nan," in ji tsohuwar, ba ta ko dube shi ba.

Alƙali ya tsawatar, ya juyo. "Malam Sada, injinka ne ya buga takardun kotun nan. Zai yiwu rubutun gaskiya ya tashi daga takarda cikin shekara uku?"

Sada ya duba kwanan watan da ke cikin hatimin. Ya san daminar. Hitar injin, wadda ke gasa hoda don ta kama jikin takarda, ta soma mutuwa a lokacin, Sylvanus mai kayan gyara ya gaya masa a canza, shi kuwa ya ce ta kai bayan Sallah. Ya ƙara da wata hoda mai araha da aka shigo da ita ta kan iyakar Kongolam. Wata huɗu inji yana fitar da takardu baƙi wuluk, masu kyan gani, waɗanda rubutunsu zaune kawai yake a sama kamar baƙo.

Sai idonsa ya faɗa kan cinyar tsohuwar. Ledar da take ajiye takardar ce, irin mai kauri ta katin asibiti, tana ta shafa ta da tafin hannu. A jikinta ta ciki ga layuka baƙaƙe, jere, a juye. Shekara uku a ƙasan akwati cikin zafin ɗakin kwano, hodar ta bar takarda ta manne wa leda. Hukuncin gaba ɗaya yana nan. Madubin aski ya isa a karanta shi.

Amma wanda ya ce a kawo madubi, shi zai faɗi dalilin da ya sa rubutu ya tashi. Daga nan sai a tambayi takardu nawa suka fita a watannin nan huɗu, kuma a ofisoshi nawa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Sada, "a iya sanina, injinmu ba ya haka."

Bai yi ƙarya ba, haka ya gaya wa kansa a kan babur. Yanzu ba ya haka. Kuma ba a sa shi rantsuwa ba. Mutum in ya yi karatu kaɗan, ba ya rasa ƙofar fita.

Kotu ta ce babu hujja, gona ta koma cikin gadon da za a sake rabawa, Badaru ya riƙe ta kafin nan. Kowa ya san tsawon "kafin nan".

Kwana goma sha shida Sada ya yi yana zagayen injinansa. Ya canza hita uku da ba su lalace ba. Duk takardar da ta fito sai ya murza ta da babban yatsa, har wata sakatariya ta tambaye shi ko ƙaiƙayi yake ji. Ranar sha bakwai ya sayi madubi a kasuwa, ya kama hanyar Babban Mutum. Ya shirya maganarsa tsaf, har da yadda zai ce da alƙali dabarar daga baya ta faɗo masa.

Ya sami tsohuwar a tsakar gida tana tsince wake, 'yarta Maijidda na gefe.

"A'a, mai inji ne? Maijidda, kawo wa baƙo ruwa. Ɗan nan, ka sha hanya."

"Inna, ledar nan na zo gani. Wadda takardar take ciki."

"Leda?" Ta yi dariya. "Takarda ta ƙi amfani, sai jakarta? Ga ta can."

Tana rataye a kan igiya, an ɗaure bakinta, cike da daddawa. Tas da ita, ana hango ƙwayoyin ciki.

"Wani baƙin datti ne ya kama ta, da ƙyar ya fita. Sai da Maijidda ta sa toka da soso."

Sada ya tsaya, madubi a aljihu yana danna masa cinya.

"Kada ka damu kanka," in ji ta. "Kai ka faɗi iyakar abin da ka sani, a gaban alƙali, ba ka ji tsoron kowa ba. Allah ya yi maka albarka. Zauna ka ci abinci."

Ya zauna. Miyar kuka ce, ta ji daddawa, kuma tsohuwar ba ta ɗauke ido daga kansa ba sai da ya cinye.