Zazzaɓin Malam Haladu

"Wa ya ba ka izinin shiga gonar Baba?" Malam Haladu ya daka wa Hambali tsawa, fartanya a hannu.

Hambali ya tsaya cak. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Maruta. Tare suka yi kiwo suna yara, tare suke cin kasuwar Basirka, Haladu na zuba labari har a isa ba a san an yi tafiya ba. Baban da yake ambata kuwa ya shekara talatin a ƙasa.

"Ni ne fa, Hambali."

Haladu ya ƙura masa ido, sai ya fashe da kuka.

Da zazzaɓi da ciwon kai abin ya faro, kwanaki bayan ya yini yana cire wa shanun huɗarsa kaska da hannu. Matarsa Turai ta ba shi maganin maleriya, a banza. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma zagi, ya ƙi tuwo wai an sa masa guba. Unguwa ta ce iska ce. Aka yi ta hayaƙi da rubutu har mako biyu.

Hambali ne ya dage aka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Wata likita mai suna Justina ta duba shi, ta ga tabon cizo a bayan gwiwarsa.

"Baba, yana kiwo?" ta tambayi Hambali.

"Shanu biyu gare shi."

"Ina zargin cizon kaska. Akwai cutar da take sawa mai hawa ƙwaƙwalwa. Za mu yi ƙoƙari, amma ya galabaita."

Kwana uku ana allura. Ran na huɗu da hantsi Haladu ya buɗe ido tarwai.

"Hambali, gero ya fid da kai?"

"Ya fitar, sai ka gani."

"Madalla. Ina jin kamar na zage ka. Ka yafe mini."

"Haba, ciwo ne. Ni ban ji komai ba."

Kafin la'asar Haladu ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Turai ta aiko wa Hambali da buzun sallar mijinta. Ya shimfiɗa shi a zaure, ya zauna a gefe. Gashin ya suɗe a daidai inda goshi ke sauka.